ƘADDARA KO SAKACI? HAKKIN RAN ƊALIBI A KAN MASU RIƘON JAMI'A

  

Jama'a masu karatu, abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako wani ɗan abu ne da na gani da idona. Kwanan baya na je wata jami'a domin in dubo ɗan ƙanena da ke karatu a can. Na tarar yana cikin lacca, sai na raɓe a inuwar bango ina jiransa. Zauren babba ne, amma ya cika ya batse. Waɗansu ɗalibai suna zaune a kan dakalin taga, waɗansu a ƙasa, waɗansu kuwa suna tsaye a bakin ƙofa suna miƙa wuya ko sa ji abin da malami ke faɗi. Ga fankoki a rataye, ba ko ɗaya mai juyawa. Ƙofofin zauren uku ne, biyu daga ciki an ɗaure su da sarƙa an danna kwaɗo, kwaɗon ma har ya yi tsatsa.

Na tambayi wani dattijo mai gadin wurin, na ce, "Baba, in wuta ta tashi a ciki, ta ina yaran nan za su fita?" Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ai Allah ne ke kiyayewa. Na daɗe a nan, ba a taɓa yin kome ba." Na ce, "To, ina mabuɗin?" Ya ce tun sa'ad da aka yi satar kujeru aka kulle, mabuɗin yana wani ofis, shi kuwa bai san ko wane ofis ne ba.

Dattijon nan bai faɗi ƙarya ba. Allah ne ke kiyayewa, wannan ba Musulmin da zai yi jayayya a kai. Amma na dawo gida maganar tana yi mini kai da kawowa a zuci. In da ranar nan wayar lantarki ta yi tartsatsi, yara suka ruga ƙofa ɗaya suka tattake juna, da me za a ce? Da an taru an yi ta'aziyya, an ce ƙaddara ce ta riga fata, kowa ya watse. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce: in cuta ta auku a wurin da mutane suka san akwai hatsari suka bar shi, shin ambaton ƙaddara yana sauke musu alhaki a wurin Allah?

TAWAKKALI DA RIƘO DA SABABI

Da farko sai mu gyara tambayar kanta. Mutane kan ce, "Ƙaddara ce ko sakaci?" kamar dai in ɗaya ya tabbata ɗayan ya kau. Alhali kuwa babu abin da ke fita daga ƙaddarar Allah, har shi sakacin. Wanda aka kashe da gangan ajalinsa ne ya yi, duk da haka Shari'a ba ta sakin wanda ya kashe shi domin ya ce ajali ne. Watau ƙaddara sha'anin Ubangiji ce, an umurce mu da mu yi imani da ita, mu sami haƙuri da natsuwa bayan musiba ta sauka. Abin da za a tambayi bawa a kansa kuwa shi ne abin da ya sani, da abin da yake da iko ya yi, ya yi ko bai yi ba. Wanda aka yi wa rasuwa in ya ce ƙaddara ce, ya yi ibada. Wanda ya riƙe mabuɗin ƙofa ya hana buɗewa, in ya fake da wannan kalma, ya ɗauki maganar gaskiya ya rufe laifinsa da ita.

Kowa ya san labarin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya haɗa biyun, ya ɗaure kuma ya dogara. Haka nan Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, sai ya yi shawara da sahabbai ya juya da mutane. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya ba shi misalin makiyayi da ya sauka wani kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa.

Ba a manyan al'amura kaɗai aka koya mana wannan ba. An ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da aka gaya wa Annabi (S.A.W.) sai ya yi umurni a riƙa kashe wuta in za a kwanta. An ruwaito hani ga kwana a kan soron da ba shi da katangar da za ta tare mutum kada ya mirgino. An umurci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya yanki wani. An hana yin bayan gida a kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa, da mashayar ruwa. Ka duba waɗannan da kyau, mai karatu. In ka jera su za ka ga su ne ainihin abin da masana na yanzu ke kira kiyaye lafiyar muhalli da kare hatsari: wuta, faɗowa daga bisa, abu mai kaifi a cikin taro, ƙazanta kusa da ruwa. Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun bayyana cewa Shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Jami'a kuwa an gina ta ne domin hankali, ba ta da hujjar cin hakkin rai a kan hanyar neman abin da aka gina ta dominsa.

MAS'ALAR BANGO MAI KARKATA

Malamanmu na fiƙihu ba su bar maganar a wa'azi kawai ba, sun sa mata ma'auni. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, malamin Misra na ƙarni na 14, littafin da har yau ake karantawa a zaurukanmu, an kawo mas'alar bangon da ya faɗi ya kashe mutum ko ya lalata dukiya. Mai bango yana lamuncewa in sharuɗɗa uku sun cika: bangon ya karkata, an gargaɗi mai shi, kuma ya sami lokacin da zai iya gyarawa bai gyara ba. Masu sharhi suka ƙara da cewa in tun farko a karkace ya gina shi, to, ba a bukatar wani gargaɗi, lamuni ya hau kansa. A wuri guda aka ambaci wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi ta tashi ta ƙone kayan wani.

Wannan ma'auni yana da adalci ta ko'ina. Bai ɗora wa mutum abin da ba shi da hanyar sani ba, bai kuma bar wanda aka faɗakar ya yi kunnen uwar shegu ya tsira ba. Bari mu gwada shi da waɗansu abubuwa biyu da suka faru a jami'o'in Amurka, ƙasar da ba za a ce talauci ne ya hana ta gyara ba.

Na farko ya faru a Kwalejin Dartmouth. A watan Agusta na 1996, Farfesa Karen Wetterhahn, gwana a sanin gubar ƙarafa, tana aiki da wani sinadari na zaiba mai tsananin dafi, sai ɗigo ɗaya ko biyu ya zuba a kan safar roba da ke hannunta. Ta bi duk ƙa'idar da aka saba bi a lokacin, ta gama aikinta ta tafi gida. Sai a watan Janairu na 1997 tafiyarta da maganarta suka fara rikicewa, ta rasu a watan Yuni na wannan shekara tana da shekara 48. Da aka gwada daga baya, sai aka ga sinadarin yana ratsa irin wannan safa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Kafin hankalinta ya gushe ta roƙi a bayyana wa likitoci da masana abin da ya same ta domin kada wani ya faɗa, aka kuwa sake ƙa'idar aiki da wannan sinadari. Wannan ya fi kusa da bangon da ya faɗi ba a ga karkatarsa ba. Duk da haka hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ci makarantar tara, domin wanda aikinsa ne ya bincika, rashin sani ba ya wanke shi sarai.

Na biyu ya faru a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Ran 29 ga Disamba, 2008, wata yarinya mai shekara 23, mai taimakawa a ɗakin gwaje-gwaje, tana zuƙo wani sinadari da ke kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska, sai sirinjin ya kwance a hannunta. Ba ta sa rigar aiki ta kariya ba, rigar sanyin da ke jikinta kuwa ta roba ce, nan take ta kama. Ta rasu bayan kwana 18. Bincike ya nuna cewa wata biyu kafin nan masu duba na jami'ar sun shiga wannan ɗaki, sun rubuta kurakuran da suka gani, har da rashin sa rigar kariya, an ba da wa'adin gyara, wa'adi ya wuce ba a kammala ba. Aka ci jami'ar tarar dala 31,875, a 2011 aka gurfanar da hukumar jami'ar da malamin da ke shugabantar ɗakin a gaban shari'a, a 2014 malamin ya amince da yin aikin taimakon jama'a na sa'a 800 da biyan dala 10,000. A nan bango ya karkata, an yi gargaɗi, an sami lokaci. Da alƙalin Malikiyya aka kai wa wannan ƙara, ba zai sha wahalar gano inda lamuni ya faɗa ba.

Duka matan nan biyu ajalinsu ne ya yi. Amma hisabin waɗanda suka bari a baya ba ɗaya ba ne.

CUTAR DA BA A GANI DA IDO

Kada mai karatu ya zaci hatsarin jami'a yana ɗakin gwaje-gwaje kaɗai. Mafi yawansa yana wuraren da kowa ke shiga kullum.

Ɗauki iska. Mutum ɗari biyar in suka cika ɗakin da aka gina domin ɗari biyu, tagogi a rufe saboda ƙurar hunturu ko don sun lalace, numfashin da wannan ya fitar shi wancan ke shaƙa. Kafin sa'a guda kai ya yi nauyi, gyangyaɗi ya kama, malami yana zaton lalaci ne. Abin da ya fi wannan muni shi ne cututtukan da ke bin numfashi, irin su tarin fuka da sanƙarau. Ƙasarmu tana cikin yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, ciwon kuwa yana tashi ne da rani, yana kuma son cunkoso. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, yawancinsu a Arewa. Ɗakin kwanan da aka yi domin mutum huɗu aka cusa goma sha biyu, shimfiɗa ce aka yi wa wannan ciwo.

Ɗauki hayaƙin janareta da ake ajiyewa a baranda ko gindin taga. A cikinsa akwai wata iska marar launi marar wari, wadda jini ke kama ta fiye da yadda yake kama iskar rai sau ɗari biyu da ɗoriya. Mutum yakan ji ciwon kai da barci, in ba a farga ba daga barcin sai lahira.

Ɗauki bayan gida da juji. In masai ya toshe ko ruwa ya ɗauke, ɗalibai sukan koma bayan gini da cikin ciyawa, damina ta wanke ƙazantar ta kai rijiya, sai amai da gudawa da zazzaɓin taifot. Jujin da aka tara kusa da ɗakin kwana yana kiran ɓeraye, ɓera kuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno.

Akwai kuma cutar da ke ɓoye cikin ginin kansa. Gine-gine da yawa na shekarun 1960 da 1970 an yi rufinsu da silinsu da asbestos. Muddin yana lafiya ba a taɓa shi ba, hatsarinsa kaɗan ne. In ya farfashe, ko kafinta ya huda shi, sai ya saki ƙura mai kama da zare wadda ke maƙalewa a huhu, ta haifar da ciwon daji bayan shekara ashirin ko talatin ko fiye. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. Ɗalibin da ya shaƙi wannan ƙura zai gama karatu ya yi aure ya haihu kafin ciwo ya bayyana, ba kuwa wanda zai tuna da silin da ya karye a ajinsa. Rashin mai tuhuma a duniya ba ya nufin ba a rubuta ba.

Game da wuta kuwa, a watan Nuwamba na 2003 gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan ɗalibai na Jami'ar Patrice Lumumba da ke Mosko, ta ci rayukan ɗalibai fiye da 40, yawancinsu baƙi daga ƙasashen Asiya da Afirka, da yawa kuma sai ta taga suka diro don sun rasa mafita. Iyayensu sun tura su neman ilmi, aka aiko musu da gawa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

HUJJAR RASHIN KUƊI DA YAWAN ƊALIBAI

Yanzu sai mu saurari masu riƙon jami'a, domin adalci ya hana a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Za su ce: kuɗin da ake ba mu ba ya isa, masu neman shiga kuwa sun yi yawa, kusan mutum miliyan biyu ke zaman jarrabawar shiga manyan makarantu a shekara. In muka ɗauki daidai yawan kujerunmu, 'ya'yan talakawa dubbai za su koma gida ba karatu, jahilci kuwa shi ma cuta ce mai kisa. Wanne ya fi, yaro ya yi karatu a tsaye cikin zafi, ko ya zauna gida?

Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Shari'a ta yarda a ɗauki ƙaramar cuta domin a kauce wa babba, lalura kuma tana halatta abin da ba a so. Magabata sun sha yunwa da tafiyar ƙasa a kan neman ilmi, ba wanda ya ce sun yi laifi. Saboda haka matsi da gumi da rashin kujera, ana iya haƙuri da su zuwa wani lokaci.

Amma fa malaman da suka ba da wannan sauƙi su ne kuma suka ce ana auna lalura gwargwadonta, kuma tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani. Akwai bambanci tsakanin wahalar da ɗalibi ya gani ya zaɓa da kansa, da hatsarin halaka da aka ɓoye masa ko aka tilasta masa. Lalura tana iya sa a cika zaure, ba ta iya sa a kulle ƙofarsa. Hasali ma duk sa'ad da cunkoso ya ƙaru, wajibcin buɗe ƙofofi ƙaruwa yake yi. Nawa ake kashewa a cire kwaɗo kafin lacca a mayar bayanta? Nawa ake kashewa a matsar da janareta nesa da taga, ko a raba aji biyu, ko a daina sa babbar lacca da tsakar rana a watan Afrilu? Ibn Jama'a, wanda ya rasu a 1333, a littafinsa na ladubban malami da ɗalibi ya hana malami karantarwa cikin zafi mai takurawa ko sanyi mai cutarwa. Makarantar Mustansiriyya da aka buɗe a Bagadaza wajen 1234 an yi mata likita da wurin wanka da ɗakin girki tun daga farko, domin waɗanda suka kafa ta sun ɗauki lafiyar ɗalibi a cikin aikin karantarwa.

Sa'an nan ba za a ce ba a yi gargaɗi ba. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya zaga jami'o'in gwamnati, rahotonsa ya bayyana cunkoso a ɗakunan lacca da na kwana, da ƙarancin bayan gida, da lalacewar ɗakunan gwaje-gwaje. Tun daga lokacin an yi gine-gine da dama ta hannun asusun TETFund, wannan abin yabo ne. Sai dai mun fi son sabon gini da za a yanka kyalle a ɗauki hoto, bisa ga gyaran tsohon masai wanda ba mai zuwa buɗe shi da tambura. Shugaban da ya sami kuɗin ƙawata ƙofar shiga jami'a ya rasa na gyaran wayar lantarkin ɗakin kwana, ya binciki zuciyarsa, ya ga ko rashin kuɗi ne ko son a gani.

WA KE DA ALHAKI?

Wahalar wannan al'amari ita ce bango a jami'a ba shi da mai shi guda ɗaya. Mai gadi ya ce ofis, ofis ya ce sashen ayyuka, sashen ayyuka ya ce ba a saki kuɗi ba, mai sakin kuɗi ya ce majalisa ba ta zauna ba. Kowa ya wanke hannunsa, mabuɗi ya ɓace a tsakani. Musulunci bai san wannan irin wankin hannu ba. An koya mana cewa kowannenmu makiyayi ne, kowa kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Alhaki in ya rarrabu, kowa yana ɗauke da rabonsa gwargwadon saninsa da ikonsa. Kawar da cuta daga wurin jama'a farilla ce ta kifaya: in waɗansu sun yi ta sauka daga kan kowa, in aka rasa mai yi, duk wanda ya sani yana da iko ya shiga cikin zunubi.

Shugaban jami'a da majalisarsa su ne a gaba, domin su suka karɓi amanar 'ya'yan mutane. Uban da ya sayar da hatsinsa ya biya kuɗin makaranta bai je ya duba wayar lantarki ba, ya amince ne. Ɗan kwangilar da ya rage siminti da rodi, da injiniyan da ya sa hannu a kan aikin da bai duba ba, su ne masu gina bango a karkace tun farko, ba su da uzurin cewa ba a gargaɗe su ba, sa hannun nan kuwa shaidar zur ce. Malamin da ya shiga zaure ya ga ƙofa a kulle yana da ikon ya ce ba zai fara ba sai an buɗe. Ma'aikacin da ya ga tsaga a bango ya rubuta takarda ya ajiye kwafi, ya cika sharaɗin gargaɗi, ya sauke nasa nauyin ya ɗora wa na sama. Tun da can garuruwan Musulmi suna da muhtasibi mai zagayawa yana duba gine-gine da hanyoyi da tsabtar kasuwa, iyayenmu kuma sun san duba-gari mai leƙa randa da masai. Jami'ar da ke da mutum dubu talatin gari ce, ta cancanci nata duba-gari wanda in ya ce a rufe ɗaki za a rufe, ba a kuma tsangwame shi don ya faɗi gaskiya.

Ku kuma 'ya'yanmu ɗalibai, kada ku ɗauka maganar ta tsallake ku. Wane ne ke jona waya tsirara a ɗakin kwana domin dafa ruwa? Wane ne ke barin risho a kunne ya tafi masallaci? Wane ne ke cusa leda a lambatu, ya ɓalle famfo, ya bar wurin alwala da kaki da majina? Annabi (S.A.W.) ya ba da misalin mutanen da suka hau jirgin ruwa, na ƙasa suka so su huda rabonsu domin su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na bisa ba, in aka bar su kowa ya nutse, in aka riƙe hannunsu kowa ya tsira. Ɗakin kwanan ɗalibai jirgi ne irin wannan. Cewa "kayan gwamnati ne" ba ya halatta ɓarna, domin dukiyar jama'a masu hakki a cikinta sun fi yawa, neman yafewarsu kuma ya fi wuya. Ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi da ke shirya wa'azi da tafsiri, ina laifin su ware rana guda a wata su zaga da tsintsiya da takarda, su share abin da za su iya, su rubuta wa hukuma abin da ya fi ƙarfinsu cikin ladabi? Kawar da abin cutarwa daga hanya an lissafa shi cikin rassan imani.

ABIN DA ZAURE KE KARANTARWA

Akwai wata hasara da ta wuce ta ciwo da gobara. Ɗalibi yana ɗaukar darasi daga bakin malami, yana kuma ɗaukar wani daga wurin da yake zaune. Wanda ya shekara huɗu ko biyar yana ganin ƙofa a kulle, silin a karye, masai a toshe, ba wanda ya damu, zai fita da digiri tare da imanin cewa ran mutum ba shi da tsada. Shi ne gobe zai zama injiniya, shi ne jami'in ilmi mai ba makaranta izni, shi ne mai duba gini. A 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai a watan Afrilu ta kashe yara 20, ta sake yin haka a Maraɗi a watan Nuwamba ta kashe yara akalla 25. A watan Yuli na 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu. Waɗanda za su hana irin wannan sake faruwa, ko su bar shi ya sake faruwa, yanzu haka suna zaune a zaurukan laccarmu suna kallon yadda manyansu ke yi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin in bar jami'ar nan na roƙi ɗan ƙanena da abokansa su rubuta takarda su kai ofishin shugaban tsangayarsu game da ƙofofin nan biyu, su riƙe kwafi. Na kuma koma wurin dattijon na yi masa sallama, na ce, "Baba, Allah ne ke kiyayewa, amma wata rana da hannunka zai kiyaye su, in mabuɗin yana aljihunka." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai tambaya.

Kai ma mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane a makaranta, ranar da ka je ziyara ka tambayi sakamakon jarrabawa, ka kuma leƙa inda yake kwana da inda yake zama, ka ƙirga ƙofofi. Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya sa mu cikin masu ɗaure raƙumi sa'an nan su dogara gare shi. Amin.